Za a ƙara wa jujin bayan unguwa fili, ga abin da aka tattauna a sakatariya

Bappan Yara: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Jiya na je zaman da aka kira a sakatariyar ƙaramar hukuma kan maganar juji, da yake kun ce in na dawo in yi bayani to ga shi. Abin da suka kawo shi ne tsohon ramin burjin nan da ake zuba shara ya cika, kun dai gani da idonku har ya yi tozo ya fi katangar firamare tsawo, shi ne suke so a yanki gonakin da ke gabas da shi, tsakanin jujin da kwari, a haƙa sabon rami a haɗe da tsohon. Kansiloli sun rabu biyu, na cikin gari suna cewa a yi a wuce wajen tun damina ba ta sauka ba, namu na gefe suna cewa sai dai a nemi wani waje. Ciyaman bai yanke ba, ya ce a dawo bayan sati biyu. Ni da aka ba ni dama tambaya ɗaya na yi, na ce ranka ya daɗe kafin a haƙa sabo, wa ya taɓa ɗiban ruwan rijiyoyinmu ya gwada ya ga abin da tsohon ya yi mana? Aka ce za a duba. Iyakar amsar kenan.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam Bappa, Allah ya saka da alheri. Wallahi da ni ce a wajen da kuka zan yi musu. Mu ne layin ƙarshe, daga ƙofar gidana ina hango tifa in tana juyewa. Rijiyarmu da muka tare har makwabta ke zuwa ɗiba don daɗinta, yanzu in ka ja guga ruwan ya ɗan yi ja-ja kaman an jiƙa kanwa, in ya kwana a randa sai ka ga wani abu kaman maiƙo a sama, sabulu ma ba ya kumfa yadda ya kamata. Tun bara muka daina sha sai wanki da wanke-wanke, na sha kuma wajen 'yan ga-ruwa, kullum kura guda ba ta isan mu. Ga ƙuda, in na shanya tsaki ko kuɓewa sai na sa yarinya ta zauna da mafici a kai. Kuma a ce za a ƙaro mana wani??

Hamma Tela: Maman Ummi Allah ya ba da haƙuri, ba wanda zai ji wannan bai tausaya ba. Amma bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren ko da za a ji haushina. Ni shagona a cikin gari yake kusa da kwari, duk sanda aka ce juji ya cika motoci suka daina kwasa kwana uku kawai, ku zo ku ga yadda mutane ke juye shara a cikin kwalbati da bakin kwari da daddare. Ruwan farko na sauka ya toshe, ruwa ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Garin Gombe kowa ya san halinsa da zaizayar ƙasa, ƙasar yashi ce, ruwa in ya samu hanya sai ya ci gida. Shara dole sai an kai ta wani waje, ba sama za ta tashi ba. In ba a faɗaɗa ba ina za a kai?

Maman Ummi: Hamma ai shi ne maganar, sharar taku ce ake kawo mana. Mu nawa muke tarawa a nan? Rabin namu akuya ke cinyewa.

Kwamared: Jama'a a riƙa adalci. Ina kusa da ɗaya daga cikin kansilolin kuma na san yadda abin yake. Lokacin da aka fara zuba shara a ramin nan daji ne, ba gida ko ɗaya sai gonaki da makiyaya. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 garin ke ta faɗi, ga 'yan uwanmu da rikici ya koro daga Borno da Yobe suka zo suka zauna, unguwanni irin su Tumfure da a da ake ganin bayan gari ne yanzu ku duba yadda suka cika. Mutane ne suka bi juji suka same shi, suka sayi fuloti da araha saboda yana kusa da bola, yanzu kuma a ce laifin hukuma ne. Sabon waje nesa yana nufin sayen fili, gyaran hanya, ga man dizal na tifa zuwa da dawowa, kun san nawa ake sayar da lita yanzu.

Bappan Yara: Kwamared, wanda ya sayi fuloti da araha talauci ne ya kai shi, ba sha'awar wari ba. Kuma wa ya yanka fulotan, wa ya sa hannu a takardun? Ai ba da dare muka zo muka yi gini ba. In an san wajen bai dace da zama ba me ya sa aka karɓi kuɗinmu aka buga hatimi.

Injiniya: Salam. Bari in ɗan sa baki tunda aikina haƙar bohol ne da harkar ruwan ƙasa. Abin da Maman Ummi ta kwatanta ba abin mamaki ba ne, ruwa ba ya tsami banza. In ruwan sama ya sauka a kan tulin shara yana ratsa ta ne kaman yadda ruwa ke ratsa toka in mata na tace ruwan toka, ya kwaso duk abin da ke ciki, ruɓaɓɓen abinci, famfas na yara, mataccen batir, ragowar fenti da maganin feshi, ya fito ta ƙasa baƙi ƙirin mai wari. Ramin burji kuwa shi ne mafi muni da za a zuba shara, don an riga an kwashe ƙasar sama da za ta ɗan tace, abin da ya rage yashi ne da tsakuwa, ruwan nan zai bi ya sauka kai tsaye ya haɗu da wanda rijiyoyi ke sha. Jujin da aka gina bisa ƙa'ida ba haka yake ba. Ana daɓe ƙasan ramin da yumɓu mai kauri a danne shi sosai, a shimfiɗa wata roba mai kauri a kai, a jera bututu masu huji da za su tattara baƙin ruwan zuwa wani tafki na musamman, kullum da yamma katafila ta danne sharar ranar a rufe ta da ƙasa kaman inci 6 saboda ƙuda da ɓera da wari, sannan a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye ana ɗiban ruwansu lokaci lokaci. Abin da muke da shi a bayan unguwa ba ko ɗaya daga ciki, rami ne kawai ake juyewa a tafi. To in irin sa za a sake haƙawa kuma ta gefen kwari, duk mutanen da ke gangare har masu lambu sai sun sha daga ciki.

Maman Ummi: Injiniya to in an tafasa ruwan fa? Wata makwabciyata tafasawa take ta ba yara.

Injiniya: Dan Allah ki gaya mata ta daina. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot, amma ba ta cire dalma ko sinadarin naitiret, ƙara musu ƙarfi ma take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa su suna nan. Naitiret in ya wuce miligiram 50 a lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, jarirai ya fi yi wa illa musamman in da shi ake dama musu madara. Dalma kuma kun tuna abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, duk da can daga haƙar zinare ne ba daga juji ba kuma yawanta ba ɗaya ba, amma gubar ita ce dai, kuma ba ta da ɗanɗano ba ta da launi. Ban ce akwai ta a rijiyarku ba, gwaji ne kaɗai zai nuna, shi ya sa tambayar Bappa ita ce tambaya.

Adda Nas: Ni hayaƙin ne ya fi damuna. Duk hunturu in iska ta juyo daga arewa maso gabas kai tsaye cikin unguwa take kawo shi, da asuba in ka fito masallaci ko ɗiban ruwa sai ka ga ya kwanta ƙasa ƙasa kaman hazo amma yana yaji a maƙogwaro. Ina aiki a ƙaramin asibiti, a watannin nan masu asma da tsofaffi da jarirai su ke cika mana benci, akwai wani yaro da uwarsa ta kawo shi sau uku a wata ɗaya ƙirjinsa na fito kaman usur, inhela ta ƙare ba kuɗin wata. Hayaƙin leda da roba da taya ba irin na itace ba ne. Sannan ɓeraye, kowa ya san zazzaɓin Lassa ta ɓera yake zuwa kuma maƙwabciyarmu Bauchi na cikin jihohin da ya fi addaba duk rani. Juji a buɗe kusa da gidajen da ake shanya hatsi a ƙasa, ni dai tsoro nake ji wallahi.

Kwamared: Wutar ai 'yan jari-bola ne ke sa ta don su ƙona waya su cire jan ƙarfe, ba hukuma ba.

Mai Sikeli: A'a Kwamared kar a ɗora mana duka. Ni nake sayen kaya a hannun yaran nan, shekarata goma sha a bakin jujin. Eh akwai masu ƙona waya kuma muna hana su, amma wutar da ke ci a can cikin tulin ba mai kunna ta, da kanta take tashi, ka zo da rani tsaka ka ga hayaƙi na fitowa ta wani tsagi alhali ba wuta a sama, har damina ta wuce tana ci a ciki. Kuma a tuna yaran nan da ake zagi su ke rage muku shara, gwangwani, robar lemo, tsohon bokiti, alminiyam, silifas, kwali, duk mu ke kwashewa a loda a mota a kai kamfanonin Kano da Legas. Da ba mu da ramin ya cika tun tuni. Ba safar hannu ba takalmi, jiya ma wani yaro allurar sirinji ta soke shi a tafin ƙafa, don har sharar kyamis da ta asibitoci ake haɗowa a kawo. In za a yi sabon tsari a sa mu a ciki, a ba mu rumfa a bakin shiga mu tsince kafin a juye.

Injiniya: Gaskiya Mai Sikeli ya faɗa. Shara in ta ruɓe a inda iska ba ta shiga tana fitar da gas, kusan rabinsa mitan ne, mai kamawa da wuta. Shi ya sa jujin Olusosun na Ojota a Legas da ya kama a Maris 2018 aka daɗe ana fama da shi. Kuma tulin in ya yi tsawo yana zaftarewa, a Koshe da ke Adis Ababa ya rufta wa gidaje a Maris 2017 mutum sama da 100 suka mutu, a Kiteezi na Kampala ma ya rufta wa gidaje a Agustan 2024. Namu bai kai nasu girma ba ko kusa, amma su ma da kaɗan kaɗan suka fara kuma gidajen talakawa ne a gindi.

Kawu Manomi: Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta min. Gonata na cikin waɗanda aka ce za a yanka, gadon mahaifinmu ce, a nan nake samun dawa da wake da ke kai mu rabin shekara. Ba wanda ya zo ya same ni, a bakin jauro, wato mai unguwa, na ji, shi ma ya ce a sama ya tsinta. Kuma ina so yaran yanzu su sani, da can sharar gari ba abin gudu ba ce, mu da kanmu muke biyan mai jaki ko mai tifa ya kawo mana ita gona da rani, toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, in ta sha ruwa gona ta yi baƙi dawa ta yi kai. Yanzu in ka zuba sai leda, shekara biyar kana huɗa garma na tono ta, ruwa ba ya shiga ƙasa. Tunkiyata biyu suka mutu, da mahauci ya farka cikin ɗaya leda ce dunƙule kaman ƙwallo. Ledar nan ita ta ɓata shara.

Bappan Yara: Allah ya ƙara girma Kawu. Wannan magana taka ita ya kamata a kai gaban kansiloli. Duk wanda ya leƙa kwandon sharar gidansa zai ga yawancinta ƙasar tsakar gida ce da toka da ɓawon kayan miya, abin da manomi ke nema da kuɗinsa ga tsadar takin zamani. Da ana raba ta tun daga gida ko a wajen tarawa na unguwa, mai ruɓewa ta tafi gona, roba da ƙarfe su tafi wajen su Mai Sikeli, abin da zai rage a binne ba zai kai a ce sai an cinye gonar Kawu ba.

Hamma Tela: Bappa a faɗa da baki da sauƙi. Mutanen da ko ranar tsaftar ƙarshen wata ba sa fitowa sai dai su kwanta har a buɗe hanya, su ne za su raba shara kashi uku? Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya 2017, mu ko fiya wata muka sha a nan muke yar da ledar. Ni ina goyon bayan gyara amma damina saura wata nawa, kafin a koya wa mutane ruwa ya ci gidaje.

Adda Nas: Hamma mata na rabawa tun da, wace ce ke zubar da ƙanzo ko dussa ko gwangwanin madara? Duk abin da ke da mai saye ba ya zuwa bola. A sa masa kuɗi ka gani.

Barista: Na karanta duka. Abu uku zan ƙara ta fuskar doka don kar mu je muna roƙon abin da haƙƙinmu ne. Kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne a Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, duk da a aikace hukumar muhalli ta jiha wato GOSEPA ita ma tana da hannu a tsaftar babban birni, don haka takarda ta je wa duka biyun. Na biyu, akwai dokar EIA ta 1992, wadda ta biyo bayan gubar da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, ta wajabta a yi binciken illar aiki ga muhalli kafin a gina wajen binne sharar gari, kuma a baje rahoton jama'a su karanta su yi ƙorafi kafin a amince. To mu tambaya a rubuce, ina rahoton? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Na uku Kawu, ko da gwamnati na da ikon karɓar fili don amfanin jama'a a dokar filaye ta 1978, sai da sanarwa da diyyar amfanin da ke kai, kar ka sa hannu ko ɗan yatsa a kowace takarda sai an karanta maka. Batun ba kuɗi kuma, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muna da damar tambayar nawa aka ware wa shara a kasafin bana.

Kwamared: Barista hukunci daban, kuɗi su shigo asusu daban. Amma ban ƙi ba, a rubuta. Ni ma 'ya'yana a garin nan suke shaƙar iska.

Ɗan Bolari: Duk wannan siyasa ce, da jam'iyyarku ce ke kan kujera da ba ku ce uffan ba.

Admin: Ɗan Bolari a kiyaye dan Allah, ba a kawo jam'iyya a nan ba. Wanda ya sake zan cire saƙon.

Ustaz: Jama'a ko a littafin farko na fiƙihu da muka karanta a zaure, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canza saboda najasa ba a alwala da shi. Masallacin layin su Maman Ummi yanzu sayen ruwan alwala suke. Kuma Annabi SAW ya hana cuta da cutarwa, bai ce sai in mai cutuwar yana da yawa ko yana da gata ba. Mutanen cikin gari na da haƙƙin a kwashe musu shara, na gefe na da haƙƙin kar a kashe musu rijiya, ba a biyan bashin wani da dukiyar wani. Zan yi wa liman magana a taɓo shi ranar Juma'a, har da mu masu jefa leda a kwata.

Bappan Yara: To ga abin da nake ganin mu kai, a gyara min in na yi kuskure. Ba mu yarda a haƙa ko taku ɗaya ta gefen kwari ba. A gwada ruwan rijiyoyi da bohol na layuka ukun ƙarshe a manna sakamakon a ƙofar jauro kowa ya gani. Tsohon tulin a baje shi a rufe da ƙasa a zagaye da waya, sharar asibiti a daina haɗa ta da ta gida. Saboda damuwar su Hamma Tela kuma, wadda gaskiya ce, mun yarda a ci gaba da zubawa ta yamma inda ramin ke da sauran wuri zuwa ƙarshen damina kawai, da sharaɗin a rubuta ranar da za a rufe kuma a fara neman waje mai ƙasar yumɓu nesa da gidaje tun yanzu.

Hamma Tela: In da wannan na ƙarshen a ciki zan sa hannu, zan kuma karɓo na 'yan layinmu.

Maman Ummi: Ni zuwa ƙarshen damina ma ya min nisa Bappa, mu ne za mu kwana da shi. Amma to. A ƙara da cewa a kawo mana tankar ruwa ko a ja mana famfon ruwan dam ɗin Dadin Kowa kafin nan, bututun bai fi ƙarshen kwalta ba ya tsaya.

Injiniya: Maman Ummi ki samo robar ruwa sabuwa guda biyu, ki ɗauraye da ruwan rijiyar sau uku kafin ki cika har baki ki rufe, ki rubuta rana da lokaci a jiki, a ɗiba da safen ranar da zan karɓa kar ya kwana. Ɗaya zan kai ɗakin gwaji da kuɗina, ɗayar ki riƙe.

Maman Ummi: Ɗayar da ita zan shiga sakatariya in ajiye a kan teburin. Barista mata na iya shiga zaman ko sai an ba da kati?

Barista: Kowa na iya shiga Hajiya. Takardar zan turo nan gobe bayan Isha'i, wanda ke da gyara ya yi kafin Alhamis. Kawu a turo min lambar ɗanka ta gefe, ina so in ga gonar da idona ranar Asabar.